Igiyar Jan Jirgi Ba Abin Wasa Ba Ce

A manyan koguna irin su Neja, jirgi mai inji yakan ja ko ya tura jirgin dakon kaya marar inji, wani lokaci su ɗauru gefe da gefe. Ƙa'idar wannan aiki a duniya ita ce a san ƙarfin igiya, a riƙa duba ta, kuma a tanadi hanyar sakinta nan take idan haɗari ya taso. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye a 1992, masunta da masu fito na yankin Ƙaraye da Rogo suka shiga sahun waɗanda ƙa'idar ta shafa, domin kwale-kwalen da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa sai an jawo shi.

Ilimin halittu ya nuna dalilin ƙa'idar. Igiyar rama zaren tsiro ce, idan aka naɗe ta da danshi funfuna da ƙwayoyin bakteriya sukan cinye ta daga ciki, alhali bayanta yana nan kamar sabuwa. Igiyar nailan ba ta ruɓewa, amma zafin rana yana raunana ta, kuma tana miƙewa kamar roba, saboda haka in ta tsinke takan dawo da ƙarfin da zai iya karya ƙashi. Bugu da ƙari, ƙulli kaɗai yana iya rage ƙarfin igiya da kusan rabi, fizga kuwa tana ninka nauyin da ke kanta. Idan aka ɗaura ta a gefen kwale-kwale maimakon tsakiyar bayansa, ja ɗaya ya isa ya kifar da shi.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta tana Lokoja, jami'anta kuma ba za su iya tsayawa a kowace mashiga ba. Ya kamata sarakunan ruwa da ƙananan hukumomin biyu su ɗauki nauyin duba igiyoyi kafin kowace damina, su hana fasinja zama kusa da igiyar ja, su kuma wajabta ajiye wuƙa mai kaifi kusa da matuƙi.

Malaman kimiyya na sakandare su ma suna da aikin yi. Su sa ɗalibai su rataya buhunan yashi a igiya busasshiya, da jiƙaƙƙiya, da mai ƙulli, su rubuta nauyin da kowace ta tsinke a kansa, sannan su kai sakamakon bakin ruwa masunta su gani da idonsu.