Man zaitun abinci ne, ba laya ba ne

Jama'a, yau kan man zaitun zan yi magana. Wanda ransa zai ɓaci ya yi haƙuri tun yanzu.

Watan jiya likita ya auna ni, ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri da maiƙo. Ban rufe baki ba a ofis masu ba da shawara suka yi caa a kaina: "Yallaɓai, ka koma man zaitun kawai." Da albashi ya shigo na shiga wani babban kanti, na ɗauki mafi araha cikin waɗanda aka rubuta wa "extra virgin". Rabin lita, kwalbar gilashi mai duhu, daga Sifaniya, da lambar NAFDAC a jiki. Arahar tasu ce ba tamu ba, don ya cinye mini kuɗin cefanen kwana biyu. Da na kai gida uwargida ta jujjuya kwalbar ta ce, "Baban Ummi, wannan na sha ne ko na shafawa?"

Ba laifinta. Mu a nan cikin gari ba a madafa muka san man zaitun ba. A shagon mai magani muka san shi, kusa da habbatus sauda da zuma.

Na zuba a cokali na kurɓa. Ƙamshin ɗanyen ganye, ɗan ɗaci-ɗaci, sai wani yaji da ya kama ni a maƙogwaro har na yi tari. Ta ce an cuce ni, ya lalace. Ai kuwa wannan ɗacin da yajin su ne alamar na kirki. Abin da rubutun nan yake nufi shi ne tatsar farko, an markaɗe 'ya'yan an matse, ba a dafa ba, ba a sa sinadari ba. Akwai wani kuma da ake rubuta wa "pomace", shi daga tunkuzar zaitun ake zuƙo shi da sinadari a tace, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi. Kwalaben kusan iri ɗaya ne, sai ka karanta.

Mun gwada shi sati biyu. A kwaɗon zogale, wallahi ya yi, ya shiga da ƙuli da tumatir kamar dama can tare suka taso. A salak ma haka. Na soya ƙwai da shi, ba laifi. Amma ranar da aka zuba shi a garau-garau yara suka ajiye cokali, autana ya ce shinkafar tana warin magani. Ɗanwake kuwa kar ma a fara. Ɗanwake man gyaɗa yake so, wanda aka soya da albasa har maƙwabta suka san an sauke. Ƙosai ban ma bari an gwada ba, ni ba ɗan Ɗantata ba ne.

To mai ne mai kyau, yana da inda ya dace da inda bai dace ba. Shike nan. Ba da shi nake rigima ba.

Rigimata da masu 'yan ƙananan robobin nan ce, da ake shanyawa a rana a bakin masallatan Juma'a da kan baro a kasuwa. Ku yi lissafi da kanku. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da man zaitun a duniya. Fari ya same su a 2022, abin da suka tatsa a wannan kakar bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba, farashi ya yi tashin gwauron zabi, har kantunan can suka riƙa ɗaure kwalabe da makulli saboda ɓarayi. A daidai wannan lokaci, daga Yunin 2023, naira ta faɗi warwas. Mai abu a gidansa yana kulle shi, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga dala, amma wai kai an kawo maka shi har Kano a kuɗin lemon kwalba? Haba malam. Ko da na gaskiya ne aka ɗura, rana da zafi su ne manyan maƙiyansa, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Wanda ya wuni a farar roba cikin ranar watan Afrilu, me ya rage a cikinsa? Na sayi ɗaya na ɗanɗana kusa da nawa. Lami. Ba ƙamshi, ba ɗaci, ba yaji, sai kala.

Kar wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce ina musun albarkar zaitun. Allah ya kiyaye. An ambace shi a Alƙur'ani, ba mai jayayya. Amma albarkar tana cikin zaitun ne, ba cikin takardar da aka liƙa wa roba ba. Wanda ya sayar maka da wani mai daban da sunan bishiya mai albarka, ya ci kuɗinka kuma ya yi wasa da imaninka. Shi ya kamata ku yi wa faɗa, ba ni ba.

Abin da ya sa nake zafi haka, gwaggona ce. Shekara takwas tana shan maganin hawan jini lafiya lau. Wani ya ce mata ƙwayar asibiti tana kashe ƙoda, ta ajiye, ta koma cokali ɗaya na zaitun safe da yamma. Ba wanda ta gaya wa. Bayan wata huɗu aka tsince ta a tsakar gida. Yau ɓarin jikinta na hagu ba ya motsi, 'yarta ce take yi mata alwala. Da na je dubiya ta kama hannuna da na daman ta ce, "Ɗan nan, ai cewa aka yi sunna ce." Na rasa abin da zan ce mata. Mai ko na ina ne ba ya maye gurbin magani, nima likitan nan ƙwaya ya rubuta mini, kuma ina sha.

Sai ku kuma 'yan boko 'yan uwana, masu hawa Facebook kuna ce wa mutane man gyaɗa guba ne. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa naira 71,000 ne a jihar nan, da mata da 'ya'ya shida, shi kake cewa ya yi girki da man Sifaniya? Ka san kuwa irin kitsen da ake yabon man zaitun da shi, man gyaɗa ma yana da kaso mai tsoka na irinsa? Garin da jirgin ƙasa ya iso a 1911 ya riƙa kwasar gyaɗarsa zuwa Ikko, garin dalar gyaɗa, yau shi ake koya wa jin kunyar mansa. Riɗinmu ma haka, a loda shi a Dawanau a fita da shi ƙasashen waje, mu ba mu iya tatsa mu zuba a kwalba mai kyau ba.

Matsalar man gyaɗanmu daban ce, kuma ba ku faɗa. Yawancin abin da ake aunawa daga jarka ana kira man gyaɗa bai taɓa ganin gyaɗa ba, duk farin mai sunansa ke nan yanzu. Ga gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, ta yi fumfuna, a haɗa a markaɗe. Ga man da mai awara za ta soya yau, ta soya gobe, ta soya jibi har ya koma baƙi. Nan hukuma ya kamata ta sa ido, nan ya kamata ku yi ta rubutu.

Ni dai ranar Asabar na auno gyaɗa tiya uku a Kasuwar Rimi, na tsince da hannuna, na kai wa wata baiwar Allah mai ƙuli a lungunmu na Yakasai ta matse mini. Na samu mai, na samu ƙulin kwaɗo. Kwalbar Sifaniya kuma saura kwata, na ɓoye ta a ƙasan kabad don ranar zogale. Jiya Hajiya ta aiko jikanta wai in sammata ta shafa a gwiwa. Na zuba mata, na ce ya gaya mata ranar Talata da sassafe zan zo mu tafi asibiti a duba gwiwar.