Tsohon Babur a Gaban Masu Duba Lafiyar Abin Hawa a Birnin Kano

Birnin Kano na cikin ganuwa ba don mota aka tsara shi ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda tarihi ya nuna shi ya fara ginin ganuwar a tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da farkon na 12, har zuwa zamanin Muhammadu Rumfa da ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, magabata ba su auna faɗin hanya da kome ba sai da jaki mai ɗauke da mangala da doki mai ɗauke da mahayinsa. Saboda haka ne har yau akwai lunguna a Yakasai da Koki da Madabo da Dala waɗanda mota ba ta ratsa su, kome isar mai ita. Abin hawan zamani da ya gaji jaki da doki a irin waɗannan lunguna shi ne babur. Da shi malamin makaranta ke sammakon zuwa aiki, da shi maɗinki ke kai ɗinki kasuwa, da shi kuma magidanci ke ɗauko cefane.

Da yawa daga cikin waɗannan babura sun tsufa, wasu ma sun girmi masu hawansu. Duk sa'ad da maganar duba lafiyar abin hawa ta taso, sai jama'a su rabu biyu a kansu. Wasu su ce tsohon babur tarkace ne, kamata ya yi ma'aikatan V.I.O. su kwashe su daga kan titi. Wasu kuwa su ce da tsohuwar zuma ake magani, babur ɗin da ya yi shekara talatin bai kwanta ba, ba shi da bukatar wani ya zo ya ba shi shaidar lafiya. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, ya saki wani. Abin da ya dace shi ne a auna babur da halin da yake ciki ranar da aka duba shi, kada yawan shekarunsa ya kā da shi, kada kuma sunan kamfanin da ya ƙera shi ya cece shi.

Yana da kyau a waiwayi yadda waɗannan babura suka cika gari. A shekarar 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, watau ƙarin albashi tare da ariyas, a daidai lokacin da arzikin man fetur ya buɗe. Akawu da malamin firamare da ma'aikacin asibiti, waɗanda a dā keke ne iyakar burinsu, suka shiga sayen Vespa da Suzuki da Yamaha da Honda. Kasuwa ta yi albarka har kamfanin Honda ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Ota, cikin Jihar Ogun, a 1979. Daga 1986 kuwa, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin talaka. Wanda yake da shi sai ya rungume abinsa, ya yi ta gyara yana hawa. Daga baya ne baburan ƙasar Sin irin su Jincheng, da na Indiya irin su Bajaj, suka shigo da araha suka mamaye tituna.

A cikin baburan wancan zamani, wanda ya fi cancanta a yi misali da shi shi ne Honda CG 125, domin labarin ƙirarsa ya bayyana sirrin ƙarkonsa. A 1974 kamfanin ya tura ma'aikatansa biyu suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Filifin da Pakistan da Iran, don su gano dalilin da ya sa baburansa ke saurin lalacewa a can. Suka tarar mutane na ɗora wa babur kaya fiye da kima, ba sa canza baƙin mai sai ya yi kauri kamar kunu, abin tace iska ya toshe da ƙura, sarƙa ta saki tana dukan murfinta, kuma ba a zuwa wurin makaniki sai inji ya tsaya cik. Maimakon su tsaya zargin masu hawa, sai suka koma gida suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Suka cire 'yar sarƙar nan ta cikin inji mai buɗe bawul, suka maye ta da sandunan ƙarfe masu turawa daga ƙasa, kusa da inda mai yake taruwa, suka kuma sa soson tace iska wanda ake wankewa a mayar. Babur ɗin ya fito kasuwa a 1975, a shekara mai bi masa aka fara ƙera shi a Birazil, daga baya kuma kamfanoni da dama na ƙasar Sin suka kwaikwayi injinsa. Wanda ya san ƙurar hunturu a Kano, ya kuma san yadda ake lodi a bakin Kurmi, zai gane dalilin da ya sa irin wannan inji ya karɓi garin.

To, amma a nan ne masu yabon tsohon babur suke yin tuntuɓe. Ƙarkon inji daban, lafiyar hawa titi daban. Inji shi ke tafiyar da babur, amma ba shi ke tsayar da shi ba, ba kuma shi ke haska masa hanya da dare ba. Abubuwan da mai duba lafiyar abin hawa ya kamata ya fi sa wa ido su ne birki da taya da fitila da ham da madubi da wuyan babur, kuma duk waɗannan kaya ne masu cinyewa, ba ruwansu da sunan kamfani. Fatar birki tana suɗewa, wayar birki tana saki ko ta yi tsatsa daga ciki, zanen taya yana gogewa, wayoyin ƙafa suna kwancewa, ƙwallayen wuya suna yin rami har kan babur ya riƙa karkarwa. Bugu da ƙari, baburan farko na wannan samfuri wutarsu ba ta da ƙarfi, fitilarsu takan dushe idan inji ya yi ƙasa, watau a daidai lokacin da mahayi ya rage gudu zai shiga lungu mai duhu.

Abin lura ma shi ne, ƙarkon injin kansa yana iya zama tarko. Babur mai yawan mutuwa yana tilasta wa mai shi zuwa gareji, a can kuwa makaniki yakan hango birkin da ya ƙare ya faɗa masa. Wanda injinsa ke tashi da bugu ɗaya kowace safiya yakan yi watanni bai leƙa gareji ba, ya ɗauka kome lafiya. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Mahayi yakan saba da birkin da sai an taka shi sau biyu, ya saba da sa ƙafa a ƙasa don taimaka masa, har ya manta cewa aibu ne. Ranar da yaro ya fito a guje daga zaure, ko almajiri ya tsallaka kwata ba tare da waiwaye ba, ko damina ta mai da ƙasar lungu santsi, a ranar ne tazarar taku biyu ke raba tsira da kwanciya a Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala. A lungun birni ba a yin gudu, gaskiya ne, amma kuma babu wurin kaucewa, domin bango ne dama da hagu.

Masu cewa a kawar da tsofaffin babura gaba ɗaya su ma ba su yi adalci ba. Fenti da ya koɗe da kujera mai faci ba sa kashe kowa. Akwai dattijon da yake wanke babur ɗinsa kowace Juma'a, yake canza masa mai a kan kari, yake ɗaure birkinsa da hannunsa, kuma akwai saurayin da babur ɗinsa bai shekara ba amma ya cire madubi don gayu, fitilar baya ta fashe, tayar gaba ta zama kamar tafin hannu. Idan ma'aikaci ya tsare na farko don tsufa, ya ƙyale na biyu don ƙyalli, to kyan ɗan maciji ya ruɗe shi. A Ingila, inda aka fara gwajin lafiyar abin hawa a 1960, da farko abubuwa uku aka fi dubawa, watau birki da fitila da sitiyari, kuma ababen hawan da suka shekara goma kaɗai ake gwadawa. Daga baya aka rage zuwa shekara uku, domin an gane lalacewa ba ta jiran tsufa. A 2018 kuma aka ɗauke wa mafi yawan waɗanda suka haura shekara arba'in wajabcin gwajin, bisa hujjar cewa masu su na tattalinsu kuma ba safai ake hawansu ba. Wannan sassauci bai dace da Kano ba, domin tsohon babur a nan jakin aiki ne na kullum. Amma darasin a fili yake: ko a ƙasar da ta daɗe da wannan gwaji, ba a mai da yawan shekaru laifi ba.

Akwai ƙorafi biyu masu nauyi da ake yi a kan tsofaffin babura, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko hayaƙi. Baburan da injinsu ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, kamar tsohuwar Vespa da ƙananan Suzuki da Yamaha na wancan zamani, suna fitar da shuɗin hayaƙi, wanda a ƙuntataccen lungu yakan shige zaure da tsakar gida. Maganin wannan shi ne a sa hayaƙi cikin abubuwan da ake aunawa, wanda ya wuce kima a tura shi gyara. CG 125 da ire-irensa ba sa haɗa mai da fetur, saboda haka bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Na biyu kayan gyara. Na asali sun yi wuya, jabu sun cika kasuwa, kuma fatar birki ta jabu takan ci amanar mahayi ko da jiya aka sa ta. Wannan gaskiya ne, sai dai cutar ba ta tsofaffin babura kaɗai ba ce, sabon babur ma da jabun ake gyara shi. Aikin hukumar tabbatar da ingancin kaya ne ta bi kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa, domin mai babur ba shi da hanyar rarrabe na gari da na banza kafin ya saya.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne takardar da aka bayar ba tare da an taɓa babur ba. Idan shaidar lafiya ta zama rasit kawai, watau a biya kuɗi a karɓi takarda, to gwamnati ta sami haraji, amma ba a ceci ran kowa ba. Kano ta riga ta ga yadda doka ke komawa wasa idan an bi siffarta an bar manufarta. A watan Janairun 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a kai suna yawo a gari. Ƙwarya ta rufe kai, amma ba ta tare kwalta. Takardar lafiya da ba gwaji a bayanta ita ma ƙwarya ce.

Ya kamata kuma mahukunta su tuna ko su wane ne ke kan waɗannan babura. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni da kewaye, A Daidaita Sahu suka karɓe jigilar fasinja. Mai tsohon babur a cikin ganuwa galibi magidanci ne mai hawan abinsa don neman abinci. Tun kuma da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin hawa mai shan mai kaɗan ya ƙara daraja a wurinsa. Ƙwace masa babur saboda tsufa kawai daidai yake da rufe masa ƙofar kasuwa.

Saboda haka ga abin da ya kamata a yi. Ofishin V.I.O. da hukumar KAROTA su fitar da jerin abubuwan da ake dubawa a jikin babur, a rubuta da Hausa cikin boko da ajami, a manna a garejoji da ƙofofin masallatai, a kuma karanta a rediyo. A keɓe ranaku da ma'aikata za su zauna a wurare kamar Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mazugal, domin mai babur ya kawo abinsa da kansa, kada ya jira a tare shi a hanya. Kuɗin gwaji ya zama kaɗan kuma sananne, a rubuce a allo. Babur ɗin da ya faɗi a ba mai shi wa'adin gyara, ya dawo a sake dubawa ba tare da sabon biya ba. A jawo kanikawan unguwa cikin aikin, domin su suka san ciwon kowane samfuri, kuma maganarsu ta fi ta mai kaki shiga kunnen masu babura. Masu unguwanni su ma suna da rawar takawa wajen faɗakarwa.

Shi kuma mai tsohon babur, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Alfahari da injin da ya shekara arba'in yana aiki abu ne mai kyau, amma cikar alfaharin ita ce ya tura babur ɗinsa gaban ma'aikaci, a matsa birki ya kama, a kunna fitila ta haska, a duba taya a ga zane, sa'an nan ya karɓi takardarsa da hujja. Allah ya kiyaye mahayi da mai tafiya a ƙasa, amin.