Ƙananan ƴan kasuwa ke ɗauke da ƙasa, su kuma wa ke ɗauke da su?

Duk sa'ad da aka tashi maganar arzikin Nijar a zauren taro a Yamai, abin da ake fara ambata shi ne uraniyom na Arlit, da man Agadem, da matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011. Ba mu raina su ba, suna kawo wa baitulmali kuɗi. Amma gida nawa ne a Tasawa ko Madawa ke ɗora tukunya da albashin kamfanin mai? Mafi yawanmu daga kasuwa muke ci: mai tebur, mai kanti, tela, bakanike, mai kilishi, da iyayenmu mata masu matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli. Su ne kuma ke ɗaukar yaran da makaranta ta sallama, su koya musu sana'a.

Tarihin Maradi ya ishe mu misali. Alhazan garin da gyaɗa suka tashi. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, sai suka koma ɗauko atamfa da taba da shinkafa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna ƙetarawa da su Najeriya. An samu dukiya, babu musu. Sai dai ciniki ne da ransa ke rataye a bakin iyaka. Mun gani a watan Agusta na 2019, lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokinta har zuwa Disamban 2020. Mun sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi: hanyar Ɗan Isa da ta Birnin Ƙonni suka tsaya, Najeriya ta yanke wuta, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina da tsadar mota mai yawa. Babban alhaji ya jira a sitonsa har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Mai sayar da ƙanƙara da mai walda kuwa, jarinsu suka cinye.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne albasa. Albasar Galmi ta yi suna har Akara da Abijan, amma manomin jahar Tawa kan sayar da ita a watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da ta cika kasuwa kuma farashi ya faɗi ƙasa. Ya san sarai in ya ajiye ta a rudu wata huɗu ko biyar zai samu ninkin kuɗin. Bashin taki da na man injin ban ruwa ne ba su barinsa ya jira, ga kuma ruɓewa da ke cin wani kaso na abin da aka ajiye. Ribar sai ta tafi ga mai kuɗin ajiya. Haka labarin yake ga wake, da aya, da riɗi, da fatar jar akuyar Maradi: ɗanye muke fitar da su, wasu su sarrafa su ci moriyar.

To ina jari zai fito? Tun da bankin BDRN ya durƙushe a 1990, ƙaramin ɗan kasuwa da banki kallon nesa suke yi wa juna. Banki na neman takardar fili da littafin lissafi, mai tebur ba shi da ko ɗaya. Mata ne suka nemo wa kansu mafita: tsarin Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, zubi ne na mako-mako da ake ba juna rance daga cikinsa, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaye shi. Yana isa a ƙara buhun gyaɗa. Ba ya isa a sayi injin matsar mai. Tsakanin asusun mata da banki akwai rami, kuma a cikinsa ne sana'o'i da yawa ke tsufa ba su girma ba.

Ga mahukunta, maganarmu gajera ce. An kafa Maison de l'Entreprise a 2012 don sauƙaƙa rajistar kamfani, abu ne mai kyau. Amma mutum ba zai kai kansa a rubuta ba in ya san patanti da lampo da tikitin kasuwa za su taru a kansa, ga tsaitsayarwa a kan hanya. Waɗanda suka rufe kantuna a 2005 kan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi suna nan da ransu.

Mu ma da namu laifin, ƴan uwa. Aljihu ɗaya muke zuba jari da kuɗin cefane da gudummawar biki, sai a wayi gari ba a san riba ba, ba a san uwar kuɗi ba. Kantuna nawa muka gani sun rufe bayan rasuwar mai su, don babu rubutu, babu wanda ya san wa ake bi, wa ke bi? Kaye ɗaya da biro sun isa a fara, kuma ɗiyar da ke koleji za ta iya riƙe wa uwarta lissafin kowane maraice.