Sunan da ɗanka ya raɗa wa kansa a waya

Akwai wasu mutane a Amurka da Ingila da Jamus da Japan waɗanda, in aka ba ka labarinsu karo na farko, za ka ce ba su da aikin yi. Manya ne, da yawansu da furfura, amma abin da ke cinye musu dare shi ne ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa layin dogo ɗan siriri a kan teburi, ya gina tasha da gada da duwatsu da kanti, ya sa wutar lantarki, jirgi ya riƙa zagayawa. Ba wasan yara ba ne kamar motar kara ko ta gwangwani, don komai da awonsa. A awon da aka fi yayi, wanda suke kira HO, ana rage kowane abu sau 87, wato taragon da ke da tsawon mita 20 ya koma santimita 23. A awon N ana ragewa sau 160. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da awon Z a 1972, shi kuma sau 220, har kan jirgin ya zauna a tafin hannu da sauran wuri. Suna da mujallarsu, Model Railroader, tun 1934, da ƙungiyarsu ta ƙasa a Amurka tun 1935.

Ba sha'awar tasu nake son mu ɗauko ba. Kuɗinta ya fi ƙarfinmu, kuma mafi yawan yaranmu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa yana tafiya ba. Layin Yamai zuwa Doso an shimfiɗa shi amma bai zama hanyar tafiyar jama'a ba, na Kano zuwa Maraɗi kuma muna nan muna jira. Abin da ya ja hankalina ƙaramin abu ne: yadda waɗannan mutane ke zaɓar sunan da za a san su da shi a intanet. Ina ganin a cikinsa akwai abin da mu malamai da iyaye ba mu koya wa ƴaƴanmu ba, alhali kullum suna raɗa wa kansu suna a waya ba mu sani ba.

Wasunsu daga lambar kan jirgi suke farawa. Kowane kan jirgi na gaske yana da lambarsa a jiki, kuma wasu lambobin sun shahara kamar sunan mutum. In ka ga wani ya liƙa 4014 a ƙarshen sunansa, kai da ni ba za mu gane komai ba, amma ƴan uwansa sun san yana nufin ƙaton kan jirgin kamfanin Union Pacific da ake kira Big Boy. Guda 25 aka ƙera tsakanin 1941 da 1944, kowane ya kai mita 40, kuma wannan mai lamba 4014 an gyara shi ya koma bisa layi a 2019. Bature ɗan Ingila kuwa zai fi sa 4468, lambar Mallard, wanda a ranar 3 ga Yuli 1938 ya yi gudun kilomita 203 a awa, gudun da har yau wani kan jirgi mai aiki da tururi bai wuce ba. Wani ma ba lambar jirgi zai sa ba, tsarin ƙafafunsa zai rubuta, kamar 4-6-2: ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida masu ja a tsakiya, biyu a baya. Lamba uku kawai, amma ta gaya wa wanda ya sani irin jirgin da mutumin ke so da zamanin da ya fi ƙauna.

Wasu kuma da baƙaƙen sunan kamfani suke shiga. PRR na Pennsylvania Railroad ne, wanda ya haɗe da wani a 1968 sunansa ya ɓace. ATSF na Santa Fe ne, shi ma an haɗe shi a tsakiyar shekarun 1990. Rock Island ya rufe a 1980. Mutum zai ɗauki sunan kamfanin da ya mutu tun yana yaro, sau da yawa don mahaifinsa ko kakansa a can ya yi aiki, ko don layin ya bi ta bayan gidansu. Akwai masu ɗaukar sunan aikin reluwe, mai tuƙi ko mai birki ko mai zuba gawayi, da masu haɗa awon da suke aiki da shi a cikin sunan don kada wani ya ɓata lokacinsa yana tambaya.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu ƙirƙiro kamfanin jirgin da babu shi a duniya, su ba shi suna da tarihi da taswira, sannan su ɗauki baƙaƙensa su zama sunansu. Wannan al'ada ta girmi intanet nesa ba kusa ba. John Allen na garin Monterey a Kalifoniya ya sa wa nasa Gorre & Daphetid, sunan da in aka faɗe shi da bakin Ingilishi yana fita kamar an ce “jina-jina, an ci shi da yaƙi”. Barkwanci ne, amma aikin da ke bayan sunan shekaru fiye da ashirin ne na sassaƙa da fenti. Ya rasu a watan Janairu 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin, sunan kuwa har gobe masu wannan sha'awa sun san shi. Walt Disney ya kira nasa Carolwood Pacific, daga sunan titin gidansa, ya sa wa kan jirgin Lilly Belle don matarsa Lillian. Mawaƙin Ingila Rod Stewart ya shafe fiye da shekara 20 yana gina birninsa da ya kira Grand Street & Three Rivers. A da har katin izinin shiga jirgi suke bugawa da sunan kamfanin nasu, su aika wa juna ta gidan waya, mutum ya sa hannu a matsayin shugaban kamfani, alhali kamfanin gaba ɗaya a ƙarƙashin gidansa yake.

Har zagin da ake musu sun mayar da shi laƙabi. A Ingila da Amurka ana yi wa mai tsananin bin diddigi ba'a da “mai ƙirga ƙusoshi”, wato wanda zai ƙirga ƙusoshin jikin ɗan ƙaramin tarago ya ce ba su kai na gaske ba. Jamusawa suna da wata kalma mai ma'anar “mai sumbatar ƙarfen gaban tarago”. Faransawa sun ce ferrovipathe, kamar dai son jirgin ciwo ne. Kuma za ka tarar da masu ɗaukar irin waɗannan sunaye da kansu, suna dariya.

To, ku dubi abin da irin wannan suna ke yi. Yana bayyana abin da mutum ya sani da abin da hannunsa ke yi, yana kuma rufe abin da bai kamata baƙo ya sani ba. Lamba 4014 ba ta gaya maka shekarun mai ita ba, ba ta gaya maka garinsu ba, ba ta ce namiji ne ko mace ba. Amma ta gaya maka da me za ka yi hira da shi.

Yanzu mu karɓi wayar ɗan aji uku na kwaleji a Maraɗi ko Damagaram mu duba. Sunan da ya raɗa wa kansa yawanci juyin wancan ne. Gaba sunan wani mawaƙi ko ɗan ƙwallo, ko kirarin rashin ji, ko wata kalmar Ingilishi da bai san fassararta ba. Baya kuma shekarar haihuwarsa, da 227, wani lokaci har da sunan unguwa ko na makaranta. Game da yaron kansa, abin da ya iya ko yake so, sunan bai ce komai ba. Game da abin da ya kamata a ɓoye, ya faɗi duka. Yarinya ƴar shekara goma sha huɗu da ta rubuta 2011 da sunan unguwarsu a cikin sunanta ta riga ta ba kowane ɗan iska amsar tambayoyi biyun da zai fara yi mata. Wannan ne ya sa ban ɗauki maganar wasa ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: a hana laƙabin baki ɗaya, kowa ya shiga da sunan da aka raɗa masa ranar suna, in ya yi rashin kunya a san ɗan wane ne. Ban yarda da wannan ba. Koriya ta Kudu ta gwada. A 2007 ta kafa dokar da ta tilasta wa masu rubutu a manyan shafuka su tabbatar da sunansu na gaskiya. A 2011 ɓarayin kwamfuta suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 35 daga wani babban kamfanin ƙasar, a 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar. Sunan gaskiya ba ya gyara hali, in da yana yi da ba mu ga dattawa da cikakken sunansu da hotonsu suna zage-zage a Facebook ba. Ga yaro kuwa, musamman ƴa mace, laƙabi mayafi ne.

Ballantana ma laƙabi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗan Asabe da Ladi da Talatu sunayen rana ne. Tanko ya zo bayan mata, Gambo ya bi tagwaye. Muna da Mai Shayi da Mai Goro da Sarkin Aska. Wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi, duniya da Kantu ta san shi, kaɗan ne suka riƙe sunansa na yanka. Matan da ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari sun daɗe da sanin cewa suna na biyu yana kare mutunci. Bambancin ɗaya ne, amma babba: duk waɗannan wasu ne suka ba mutum, bayan sun gan shi, sun san ranar da ya zo ko sana'ar da yake yi ko yadda yake kayar da abokin karawa. Sunan waya kuwa yaro shi kaɗai yake zaɓa, da dare, cikin minti biyu, babu kaka babu gwaggo. Ko sunan fada da samari ke rubutawa a bango sai da aka yi gardama a kansa a bakin shayi.

Nan ne masu ƙananan jirage suka yi dabara. Su ma da kansu suke zaɓa, amma sun zaɓa daga cikin abin da ƴan uwansu za su iya tuhumarsu a kai. Wanda ya sa PRR a sunansa sannan ya nuna hoton tarago mai fentin da kamfanin bai taɓa amfani da shi ba, kafin gari ya waye an gyara masa. Sunan ya zama bashi a wuyansa, dole ya yi karatu ya biya. Kuma don mutuncinsa a cikinsu a jikin sunan yake, ba ya canja shi. Mutum zai riƙe suna ɗaya shekara da shekaru, a san shi da amsa mai kyau ko da cika alkawarin ciniki, har in sun haɗu a wurin baje koli da sunan nan ake kiransa. Hausawa sun ce suna linzami. Ɗalibanmu kuwa duk wata uku sabon suna, duk rigima sabon shafi, saboda haka babu abin da ke riƙe su.

Kada in wanke su tas. A cikinsu akwai masu girman kan da ke korar sabon shiga da gyare-gyaren da ba a tambaye su ba, kuma akwai masu sa shekarar haihuwa kamar yaranmu. Dattijo mai shekara saba'in dai abin da zai rasa a nan kaɗan ne.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar kuɗi. Uba ko uwa su tambayi yaro sunan da yake amfani da shi, tambaya ta neman sani ba ta bincike ba, su ce ya faɗi dalilinsa. Yaron da ya kasa bayyana sunansa a gaban mahaifiyarsa ya riga ya gane akwai gyara. Sannan a taya shi nemo wani daga abin da yake yi da gaske. Wanda ke kiwon tantabaru ya san irinsu da launinsu fiye da mu, a can sunansa yake. Haka mai gyaran rediyo, haka yarinyar da ta iya saƙa ko ta haddace izu goma, haka wanda ke ƙera mota da gwangwanin madara har da ƙofar da ke buɗewa. In yana son lamba, ya sa lambar da ke da ma'ana gare shi da abokan sha'awarsa kaɗai, ba shekarar da aka haife shi ba.

Mu malamai muna da dama fiye da iyaye, don yara arba'in ko tamanin ne a gabanmu lokaci guda. Awa ɗaya ta isa. Kowane ɗalibi ya ƙirƙiro laƙabi a takarda ba tare da sunansa ba, a tattara, a karanta, aji ya yi ƙoƙarin gano abu biyu: me mai sunan ya iya, kuma me baƙo zai iya sani game da shi. Sunan da ya amsa ta farko ya hana ta biyu shi ya ci. Malamin lissafi kuma in yana so ya ƙara da nasa: kan jirgi mai mita 40, a rage shi sau 87, santimita nawa zai zama a kan teburi? Amsar ta kusa 46, kuma akwai ɗalibin da zai ɗauko ma'auni ya duba ko teburin ajin zai ɗauke shi.