Mu Turara Ɗaki, Amma Mu Bar Ƙofa a Buɗe



Hunturu ya kankama. Iskar arewa maso gabas tana ta kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, hazo ya rufe gari, leɓe da ƙafa sun fara tsagewa. A Kano da makamantanta, daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. Jiki yakan yi nauyi, a ji ba a son fita, ba a son magana, har ran mutum ya ɓaci ba tare da wani ya taɓa shi ba. A irin wannan lokaci ne yawancinmu muke jawo kasko mu zuba turaren wuta, kuma da gaskiyarmu.

Ƙamshi yana taɓa zuciya. Jijiyoyin hanci suna kai saƙo ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da motsin rai, shi ya sa ƙamshin kajiji kaɗai yakan mayar da mu ɗakin kakarmu. Ɗakin da aka share aka turara ya fi daɗin zama, kuma mai shigarsa yakan ji ransa ya yi sanyi. Ba mu da ja a kan wannan. Abin da muke so mu tattauna a wannan mako shi ne yadda muke haɗa turaren da yadda muke kunna shi, domin a nan muke cutar da kanmu.

Mu fara da haɗi. Matan Barno, Kanuri da Shuwa, su ne gwanayen wannan sana'a, kuma abin da ya fifita nasu shi ne haƙuri. Ana samun itace mai kyau, kamar sandal ko hawi ko gabgab, a wanke shi, a shanya ya bushe sarai. Farce, wanda murfin wani dodon koɗin teku ne, sai an jiƙa shi an kankare an soya kafin ƙarninsa ya fita, aikinsa kuwa shi ne riƙe ƙamshi ya daɗe. Ana narka sukari kaɗan a juya itacen a ciki a kan wuta marar ƙarfi, a sauke ya sha iska, sannan a zuba turarukan mai, a rufe a kwalba na makonni har ya tsumu. Mai gaggawar cin riba kuwa sai ta cika sukari don ya yi nauyi, ta kwarara turaren da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Irin wannan idan ya hau garwashi ƙauri yake yi, ya shaƙe maƙogwaro, ya sa ido hawaye. Turaren da ya sa mu tari bai cancanci kuɗinmu ba, komai kyan kwalbarsa.

Sai babbar maganar, wato rufe ɗaki. Saboda sanyi, kuma saboda kada ƙamshi ya gudu, mukan kulle ƙofa da taga mu bar kaskon gawayi yana ci, wani lokaci har barci ya kwashe mu. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta shiga yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abubuwan da mukan ɗora wa sanyi ko mura. Wanda ke barci ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Ga kuma gobara, wadda kowa ya san hunturu ne lokacinta: komai ya bushe, iska na kaɗawa, labule ko bargo ya taɓa garwashi shi ke nan.

Za a ce iyayenmu haka suka yi, ba abin da ya same su. Amma mu tuna irin ɗakunansu: rufin ciyawa ko azara, asabari a ƙofa, iska na ratsawa ta ko'ina. Namu kuwa siminti ne da sili da tagogin gilashi, idan an rufe an rufe ke nan. Za a kuma ce turare ya yi tsada, ba za a buɗe ƙofa a yi asara ba. Ai ƙamshin a labule da zanin gado da kujeru yake zama. Abin da ke fita ta taga hayaƙi ne, shi kuwa ba mu da buƙatarsa a ƙirjinmu, balle a lokacin da ƙura ta riga ta gajiyar da huhu.

Saboda haka mu hura gawayin a tsakar gida, sai ya zama garwashi mu shigo da shi. Ɗan kaɗan ya isa. Mu bar taga a buɗe, bayan 'yan mintuna mu fitar da kaskon mu kashe wutar. Kada mu turara ɗaki jariri ko tsoho ko mai asma yana ciki. Idan tufafi za mu turara a kabbasa, mu tsaya a wurin har mu gama.

Kuma kada mu ɗora wa turare dukkan nauyin faranta mana rai. Hantsi kyauta ne. Mu fito mu sha shi kamar yadda dattawa suke yi a jikin katanga, domin hasken safiya yana daidaita barci yana kuma warware jiki. Mu taka zuwa gidan maƙwabta ko 'yan uwa maimakon mu wuni cikin bargo da waya. Kunun gyaɗa mai zafi, shayi da citta da kanumfari, man kaɗe a fata, ruwan sha ko ba ma jin ƙishi, duk suna rage wahalar wannan lokaci. Idan kuwa baƙin ciki ya zauna wa ɗayanmu fiye da mako biyu, ya hana shi ci ko barci ko aiki, to wannan ya wuce kasalar sanyi, mu raka shi wurin likita.

Yau da daddare, kafin mu kwanta, mu leƙa ɗakin yara da na tsofaffinmu mu tabbatar babu kaskon da aka bari yana ci. Allah Ya raba mu da gobara, Ya ba mu lafiya, Ya nuna mana ƙarshen hunturun nan lafiya.