Wanda Ya Tare Hanyar Hatsi Shi Ma Mai Kisa Ne

A watan Agustan 2024 aka tabbatar da cewa yunwa ta kai matakin kashe mutane a sansanin Zamzam, kusa da birnin El Fasher a Darfur. Da yawa daga cikinmu muka ce ƙaddara ce, muka yi addu'a, muka wuce. To, ba ƙarancin ruwan sama ne ya kawo wannan yunwa ba. Tun watan Mayun 2024 dakarun RSF suka yi wa El Fasher ƙawanya, suka hana abinci shiga, har mutane suka koma cin ambaz, wato ragowar gyaɗa da aka matse mai, abincin dabbobi. Su ma sojojin gwamnatin Sudan sun rufe mashigar Adre da ke iyaka da Chadi tsawon watanni a wannan shekarar, motocin agaji na jira. Kowane umarni daga cikin waɗannan akwai bakin da ya furta shi, kuma mai bakin yana da suna.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Ƙarin yarjejeniyar Janiba ta 1977 ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami kan farar hula. Dokar Roma, wadda ta kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuka, ta sa shi cikin laifukan yaƙi tsakanin ƙasashe, sannan a 2019 aka yi mata gyara domin ta haɗa da yaƙin basasa. A Nuwamban 2024 kotun ta ba da sammacin kama Netanyahu da Gallant, kuma hana mutanen Gaza abinci na cikin tuhumar.

Masu neman uzuri za su ce Sudan ba ta cikin kotun, kuma ƙasashe kaɗan ne suka amince da gyaran 2019. Sun manta cewa tun 2005 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya miƙa wa kotun batun Darfur. Sun kuma manta cewa sashe na 7 na dokar ya ambaci hana abinci da magani da nufin hallaka wani ɓangare na al'umma cikin laifukan cin zarafin bil'adama. Wasu kuma su ce niyya tana da wuyar tabbatarwa. Ashe kwamandan da ya ga yara na mutuwa wata da watanni, ya ci gaba da tare hanya, bai san abin da yake yi ba?

Ali Kushayb ya aikata ta'asarsa a 2003 da 2004, sai a 2025 kotun ta same shi da laifi. Idan za a sake jiran shekara 20, kowane madugun yaƙi zai gane cewa tare buhun dawa ya fi harsashi araha. Mai gabatar da ƙara ya sa yunwa a takardar tuhumar Darfur tun shaidu suna raye, ƙasashen Afirka da ke cikin kotun kuma su amince da gyaran 2019.