Butelin gas ma yana buƙatar ranar dubawa

A Faransa, tun 2009 doka ta tilasta wa mazaunin gida ya kira ƙwararre sau ɗaya a shekara ya duba tukunyar gas mai ɗumama ɗakuna. Mu nan ba mu da irin wannan tukunya, amma tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, butelin gas ya shiga madafarmu. To, wa ke duba shi?

Tiyon roba yana tsufa, zafi yana tsattsaga shi, amma ba mu canza shi sai mun ji wari. Kuma ƴaƴanmu muke aikawa su kunna murhun.

A ganina, mu ɗauki Oktoba, watan komawa makaranta, ya zama lokacin dubawa. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo: in kumfa ta taso, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma rawaya, murhun yana iya fitar da iskar guba marar wari, mai kisa a rufaffen ɗaki lokacin ɗari.

Malamai, minti goma a aji sun isa a koya wa yara wannan.